Gammon Mantau

A ɗakin kakata, can Mokoyo,
akwai wani gammo rataye a ƙusa.
Ba a wanke shi, ba a ba yara.
Na tambaya, ta ce na Mantau ne,
mutumin da ya hana buhu tafiya.

Shekarar da gulbi ya ci tsohon gari,
aka hau tudu da tukwane da tabarmi,
shi yana dako a kantin gyaɗa,
buhu a ka tun assalatu
har rana ta faɗa bayan Tibiri.
Wuyansa ya nutse cikin kafaɗu
kamar kunkuru ya ji taku.
Ladan yini ba ya kai shi gobe.

Akwai wani Bagirke mai gyaran mota,
Kwasta suke ce masa,
mai ya rine hannunsa har gwiwa,
Turawan kanti ba sa kiransa cin abinci.
Hausarsa tsaki-tsaki ce.
Shi ya nuna wa Mantau lambobin sikeli
da inda akawu ke danne yatsa.
Wata rana yana kwance ƙarƙashin mota ya ce:
"Garinmu bakin teku ne.
Masu sauke jirgi sun taɓa zama.
Jirgi bai iya sauke kansa ba."

Mantau bai tanka ba.
Ya kwana uku yana tauna maganar kamar goro.

Bai iya rubutu ba, sai ya nemi igiyar kaba.
Ya bi mutane wajen mai tuwo, bakin rijiya,
bayan masallaci in an watse.
Duk wanda ya ce ina ciki, ƙulli ɗaya.
Tamma-tamma cikin gwangwanin madara,
kakata ce ta binne shi gindin murhu.
Ƙulli arba'in da bakwai.

Ran Litinin suka sauke gammo daga ka,
suka zauna a kai.
Shi ke nan abin da suka yi.
Motoci sun juya baki hanyar Kano,
dalar gyaɗa tana kallonsu, suna kallonta.
Akawu ya yi ihu har muryarsa ta dishe.
Jandarma ya zo, ya rasa wa zai daka,
zama dai ba sata ba ne.

Kwana na shida Ɗanjimma ya koma aiki,
ɗansa na kwance, gero ya ƙare.
Aka ce a kwance ƙullinsa.
Mantau ya ce a bari,
yunwa ce ta ɗauki buhun, ba shi ba.
Da dare ya aika masa tiya ɗaya.

Kwana goma sha ɗaya.
Aka ƙara abin da aka ƙara, ba yawa,
da randar ruwa gindin bedi,
da hutun azahar.
Shi kuwa wata huɗu a kaso.
Ya fito da tari, babu haƙora biyu.
Kwasta an sa shi mota tun kafin nan,
ya bar sifana ɗaya da bashin mai shayi.

Daga baya masu takalma suka zo,
suka raɗa wa abin suna sandika,
da ofis, da hatimi, da jawabi cikin Faransanci.
Mantau kan zauna bencin baya,
yana tafi in ya ga ana tafi.
Na duba littafinsu, babu sunansa.

Igiyar, gara ta cinye.
Ya mutu yana gadin wani shagon taya.

Jiya na bi ta babbar kasuwa,
yara na sauke siminti, kawunansu fari fat.
Azahar ta yi, suka ajiye, suka nufi inuwa,
ba wanda ya ce musu kanzil.
Na tambayi ɗaya, wa ya ba ku hutun nan?
Ya kurɓi ruwa, ya goge baki, ya ce:
"Haka muka tarar."